Jajen da aka yi wa Musulmin Christchurch, na zuci ne ko na kyamara?

Baban Sadiya:
Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan Isha'i muna zaune a majalisa, sai hira ta gangaro kan harin da aka kai masallatai biyu a birnin Christchurch na New Zealand ranar 15 ga Maris 2019, wanda ya ci rayuka 51. Wani abokina ya kafe a kan cewa furanni da lulluɓin da Turawan suka yi duk siyasa ce. Raina bai kwanta da maganarsa ba, amma na rasa abin da zan kare kaina da shi. Akwai wanda ya san yadda aka ƙare bayan 'yan jarida sun watse?

Injiniya_Dk:
Wa alaikumus salam. Baban Sadiya, ni a garin nake karatu a lokacin. A masallacin Al Noor, ɗaya daga cikin biyun, na saba yin Juma'a, ranar nan aiki ne ya riƙe ni a makaranta, kwanana na gaba.

Abin da ba zan manta ba ita ce wata tsohuwa maƙwabciyata. Shekara guda muna gilma wa juna, daga ɗaga hannu sai ɗaga hannu. Washegari da safe na ji ƙwanƙwasa ƙofa, gabana ya faɗi. Na leƙa sai ga ta da tukunya naɗe cikin tawul. Farfesun rago ne, kuma ta ce sai da ta tambayi inda mahaucin halal yake kafin ta sayi naman. Gishiri bai ji ba, amma wallahi da hawaye na cinye shi. Kusan wata biyu, duk Juma'a sai ta tambaye ni ko ta raka ni masallaci. Wace kyamara ce ta gan ta?

Juma'ar da ta biyo baya, 22 ga wata, a filin Hagley aka yi sallah, daura da masallacin. Gidajen rediyo da talabijin na ƙasar suka sa kiran sallah kai tsaye, aka yi shiru na minti biyu. Waɗanda ba Musulmi ba sun ninka mu yawa, suna tsaye a bayanmu har Imam Gamal Fouda ya sallame.

Maman Iman:
Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Sai dai Injiniya, a faɗi ɗaya gefen ma. Kafin harin, ƙungiyar mata Musulmi ta ƙasar ta daɗe tana kai kuka kan barazanar da ake musu, aka yi biris. Kwamitin binciken da ya fitar da rahoto a Disambar 2020 ya ce hankalin jami'an tsaro kusan duk a kan Musulmi yake. Firaministar ƙasar ta lokacin, Jacinda Ardern, da bakinta ta ba da haƙuri.

Injiniya_Dk:
Haka ne Hajiya, ban musa ba. Amma ƙasa da wata guda majalisarsu ta haramta yawancin irin bindigogin da maharin ya yi amfani da su, ƙuri'a 119 da 1. Shi kuma a Agustan 2020 aka yanke masa ɗaurin rai da rai ba damar afuwa, hukuncin da ba a taɓa yi wa kowa ba a ƙasar.

Baban Sadiya:
Na gode ƙwarai. Yau da daddare zan karanta masa wannan a majalisa. Injiniya, tsohuwar nan tana nan da rai kuwa?