Idan baƙo ya zana, Bajafane ya sassaƙa, hoton na wa ne?

Ɗan Masassaƙi, karkarar Ringim:
Assalamu alaikum. Ina koyar da zane a wata ƙaramar sakandare, mahaifina kuma masassaƙi ne. A makon jiya wani ɗalibina ya nuna mini hoton wani dattijo ɗan Koriya a wayar yayansa, an rubuta cewa bugun katako ne irin na Jafan, amma sunan mai aikin Elizabeth Keith. Yaron ya tambaye ni yadda Baturiya ta zama mai sana'ar Jafanawa, na rasa abin da zan ce masa. Shin da hannunta ta sassaƙa katakon, kuma a lissafin wace ƙasa ake sa irin wannan aiki?

Tsohon Malamin Zane, Kafin Hausa:
Wa alaikumus salam, ɗana. A al'adar Jafan wannan sana'a ta mutum huɗu ce: mai zane, masassaƙi, mabugi, da maɗaba'in da ke biyan kowa ya kuma sayar. Masassaƙi yana liƙa zanen a kan allon icen ceri ya fafe duk abin da ba layi ba, sannan kowane launi a sassaƙa masa nasa allon. Mabugi yana shafa launi haɗe da talgen shinkafa, ya ɗora takarda mai danshi, ya murza bayanta da wani ɗan faifai mai faɗin tafin hannu da aka naɗe da ɓawon gora, wanda suke kira baren. Tsaga biyu a gefen allon su ne ke sa takardar ta zauna daidai kowane karo.

Wani maɗaba'i a Tokiyo, Watanabe Shozaburo, shi ya farfaɗo da wannan tsari da sunan shin-hanga, wato sabon bugu, kuma abin mamaki da baƙi ya fara. A 1915 ya buga zanen Fritz Capelari ɗan Ostiriya, a 1916 kuma na Charles Bartlett ɗan Ingila, har da hotunan Taj Mahal na Indiya. Ita Keith 'yar Sikotilan ce, ta je Jafan a 1915 ziyarar 'yar'uwarta, ta yi shekara tara a yankin gabashin Asiya, kuma ma'aikatan Watanabe ne suka mayar da mafi yawan zanenta bugu. Girgizar ƙasar 1923 ta cinye shagonsa da allunan da ke ciki.

Mai Ɗinkin Hula, gefen Kura:
Baba Malam, wannan bayani naka ya tuna mini da sana'armu. Mai zane yana zana hula a kan yadi cikin sa'a guda, ni kuwa sai in shafe makonni ina bin zanen da allura har yatsana ya yi kanta, daga nan mai wanki ya gyara ta a kan katako, dillali ya kai kasuwa. Ba wanda ke tambayar wadda ta ɗinka. Saboda haka a ganina hoton na Jafanawan da suka riƙe wuƙa ne, ko da sunan wani aka rubuta a ƙasansa.

Tsohon Malamin Zane, Kafin Hausa:
'Yata, kina da gaskiya, amma ba duka baƙin ne suka tsaya a zane ba. Bertha Lum, Ba'amurkiya, ta zauna gaban masassaƙi a Tokiyo a 1907 ta koyi riƙon wuƙa, Lilian Miller kuwa, wadda aka haifa a Tokiyo a 1895, da kanta take sassaƙawa ta buga. Wanda ya fi burge ni shi ne Paul Jacoulet, Bafaranshen da aka kai Jafan yana ƙaramin yaro, ya fitar da bugunsa na farko a 1934, ya rasu a garin Karuizawa na Jafan a 1960. Bai yi sassaƙa ba, amma ya riƙa sa hatimin masassaƙinsa da na mabuginsa a gefen takarda, wato abin da kike kukan an hana ki. Su kansu Jafanawa sun yi wannan gardama, domin masu aƙidar sosaku-hanga sun dage cewa sai mutum ya zana, ya sassaƙa, ya buga da kansa kafin a ce aikinsa ne. Ni dai da za a tambaye ni, zanen na Keith ne, bugun kuwa na Jafan.

Ɗan Masassaƙi, karkarar Ringim:
Allah ya saka da alheri, Baba da Yaya. Na karanta wa mahaifina amsoshinku, ya ce icen aduwa da yake yin allon karatu da shi zai karɓi wuƙa, har ya kankare mini guda biyu. Na gwada da tawada da talgen shinkafa, layukan sun fito, sai dai takardar littafin rubutu tana yagewa da zarar ta sha danshi na fara murza ta. Ranar Litinin zan raba ajin gida uku, masu zane da masu sassaƙa da masu bugu, kowa ya sa sunansa a gefe, idan na samo takardar da za ta jure.