Abin da aka tattauna kan haɗa bayanan binciken mai

Ga abin da 'yan uwa suka faɗa, a taƙaice:

1. Kusan kowa ya yarda hoton ƙarƙashin ƙasa da ake ɗauka da girgizar sauti shi kaɗai ba ya wadatarwa a kwarin Binuwai, yankin da Kolmani, wurin da aka gano mai, take, domin duwatsun aman wuta kan warwatsa sautin. A haɗa shi da awon maganaɗisu da na nauyin ƙasa daga jirgin sama.

2. A gwada hoton da bayanan rijiyoyin da aka riga aka haƙa, a gyara lissafin gudun sauti.

3. Kan tsofaffin layukan 2D (hotunan sauti masu nuna tsawo da zurfi kawai) aka rabu. Wasu sun ce a sake sarrafa su tare da sabon 3D (hoton da ke nuna har da faɗi), an rage kashe kuɗi. Wasu kuwa sun ce na'urorin ba ɗaya ba ne, haɗin zai zama kwamacala muddin ba a fara daidaita lokutan dawowar sautin ba.