Hawa bas a Landan, abin da mazauna can suka ce

To jama'a ga abin da na tattaro daga bakin waɗanda suka san gari. Kar ka dogara da tsabar kuɗi, tun 2014 aka daina karɓa, sai katin Oyster (katin biyan kuɗin hawa na Landan) ko na banki, ka shiga ta ƙofar gaba ka ɗora katin kan na'urar karanta kati mai ruwan ɗorawa kusa da direba, wajen sauka ba sai ka sake ba. Cikin awa ɗaya ko bas nawa ka canza kuɗin hawa ɗaya zaka biya, wannan kam ya min wallahi. Ka danna maɓalli kafin tasharku tunda ba kwandasta. Da dare nemi bas masu harafin N a gaban lambarsu.