Keken burji a bakin tafkunan Alps: ina ya dace mu fara?

Auwalu, Brescia: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ni da abokin aikina mun sayi keken burji bana, mai faɗin taya milimita 38, amma har yanzu a fili muke tuƙawa, iyakarmu gefen Tafkin Iseo a nan arewacin Italiya. Muna so mu hau sama mu ga tafkunan da ke cikin tsaunukan Alps kafin sanyi ya shigo. Ba mu da mota, jirgin ƙasa za mu bi. Waɗanda suka riga mu, don Allah ina ya dace mu fara?

Malam Isuhu, Bolzano: Wa alaikumus salam Auwalu. Ku fara da Tafkin Resia, wanda masu jin Jamusanci ke kira Reschensee, can kusa da iyakar Italiya da Ostiriya. Tsayin wurin kusan mita 1,500 ne, zagayen tafkin kuma kamar kilomita 15, babu hawa mai tsanani. Jirgi na tashi daga Merano zuwa Malles, daga nan ku hau da kekunanku ta hanyar keken da ake kira Via Claudia Augusta. Ku dai duba jadawalin jirgin da dokar shiga da keke kafin ranar, don lokacin zafi suna taƙaita kekuna. A nan ne hasumiyar wani tsohon coci take tsaye a tsakiyar ruwa. Tsohon ƙauyen Curon ne ruwa ya cinye a 1950 da aka gama madatsar, aka rushe gidajen mutane aka bar hasumiyar ita kaɗai, ginin ƙarni na 14. Duk lokacin da na tsaya a wurin sai na tuna iyalan da aka tasa.

Baban Khalifa, Munich: Malam Isuhu, Allah ya ƙara lafiya, wuri ne mai kyau amma ban yarda nan za a tura su ba. Mafi yawan hanyar nan kwalta ce, keken cefane ma zai yi ta. Yaran nan burji suke nema. Auwalu, ku je tafkunan Cancano, saman garin Bormio. Ku shiga jirgi zuwa Tirano, sannan ku bi Sentiero Valtellina, hanyar keken da ta taso daga Colico ta ƙare a Bormio. Ku kwana can. Da sassafe ku hau kwanonin da ke kaiwa hasumiyoyin Fraele. Bormio tana kan mita 1,225, tafkunan kuma wajen 1,900, kun ga akwai aiki, amma hawan ba ya zuwa da mugunta, a hankali yake tafiya. A nan aka ƙare zango na 18 na gasar tseren keke ta Giro d'Italia a watan Oktoba na 2020, Jai Hindley ya ci. Bayan hasumiyoyin za ku samu abin da kuka zo nema: tafki biyu, Cancano da San Giacomo, farar tsakuwa ta zagaye su, shimfiɗe, mota jefi-jefi. Madatsun wutar lantarki ne da aka gina don Milan, amma ruwan kore shar, duwatsu sun kewaye shi ta ko'ina.

Malam Isuhu, Bolzano: Gaskiyarka Alhaji, Cancano ta fi ta burji nesa ba kusa ba. Abin da na duba shi ne ƙafar da ba ta saba da hawa ba. Mita 700 a jere ba wasa ba ne ga wanda ya saba da fili.

Auwalu, Brescia: Baba, giyar kekunanmu za ta iya kuwa? Farantin gaba haƙora 40 ne, babban na baya 42.

Baban Khalifa, Munich: Za ta iya, tunda na baya ya fi na gaba. In da kaya a keken za ka so abin da ya fi haka sauƙi, amma ku bar jakunkuna a masauki. Tayar 38 ta isa zagayen tafkin. In kuna da niyyar wucewa gaba ku sa 42 ko 45, ku rage iska kaɗan. Abin da ya fi damuna birki ne. Ku sa sababbin takalman birki kafin tafiya, kuma a gangara kada ku riƙe shi gaba ɗaya har ƙasa, zai yi zafi ya daina kamawa. Ka matsa kafin kwana, ka saki, ka sake matsawa.

Nura, Zurich: Tunda an zo maganar wucewa gaba, daga ƙarshen San Giacomo hanya ta rabu. Ɗaya ta haye Alpisella ta sauka Livigno, ta wuce kusa da mafarin Kogin Adda. Ɗayar ta shiga Val Mora ta fito Val Müstair a Suwizalan. Val Mora ita ce mafi kyawun kwarin da na taɓa bi da keke, ba gari, ba kwalta, sai rafi da ciyawa. Amma akwai wani yanki a farkonta da hanyar ta zama siririya a jikin gangaren tsakuwa, rafi na ƙasa. A nan ku sauka ku tura, mutane da yawa haka suke yi.

Anti Rabi, Innsbruck: Nura, ka faɗa masu maganar takarda. Val Mora tsallaka iyaka ce, ko da babu shinge babu jami'i. Auwalu ƙanena, fasfo da katin izinin zama su kasance a aljihunka. In katinka yana wajen sabuntawa, rasit kawai ke hannunka, ka tsaya ɓangaren Italiya ka zagaya tafkinka ka dawo. Kada yawon hutu ya jawo maka magana.

Nura, Zurich: Haka ne Anti, na gode da tunin. Kuma ku kashe intanet ɗin wayarku kafin ku shiga, don layukan Italiya da yawa ba sa haɗa Suwizalan cikin kuɗin wata. Ku sauke taswira a manhajar Komoot tun a masauki, cikin kwarin sabis yana ɗaukewa. In aljihu ya yarda wata shekara ku zo kwarin Engadin a nan Suwizalan, tafkunan St. Moritz da Silvaplana da Sils a jere kan mita 1,800. Ku tafi wajen Maloja da safe, don da rana iska ke tasowa daga can, sai ta turo ku a dawowa. Kwana a can tsada ne sosai.

Anti Rabi, Innsbruck: Wanda zai zo ɓangarenmu kuma ya san wannan: a Ostiriya dokar daji ta 1975 ta hana keke a hanyoyin daji sai inda aka ba da izini aka kafa alama. Ganin hanya a taswira ba izini ba ne, ana cin tara. Tafkunan Plansee da Heiterwanger See kusa da Reutte suna da hanyar tsakuwa mai daɗi, ku bi alamun keke kawai. Sai shanu. Na san cikinmu akwai waɗanda suka tashi cikin garke, amma na nan ba makiyayi a tare da su, sakinsu ake yi a tsauni duk lokacin zafi. Saniya mai ɗan maraƙi ta ga baƙo tana iya kai hari. A 2014 shanu sun kashe wata Bajamushiya mai tafiya da karenta a kwarin Pinnis, nan kusa da mu, shari'ar ta ɗauki shekaru. Ku sauka daga keke, ku ba su fili, kada ku ratsa tsakanin uwa da ɗa, kuma duk ƙofar shingen da kuka buɗe ku rufe ta.

Sadiya, Augsburg: Ni da maigidana mun fi zuwa Tafkin Walchensee a kudancin Jamus, mu bi gefen Kogin Isar daga Wallgau zuwa Vorderriß. Tafkin Eibsee a gindin Dutsen Zugspitze kyakkyawa ne ƙwarai, amma ranar Asabar da Lahadi masu tafiyar ƙafa sun cika hanyar, ba za ka ji daɗin tuƙi ba. Ina da tambaya ga na Italiya: me kuke ci a bukkokin saman tsauni? Nan komai sai ka ga naman alade a ciki.

Malam Isuhu, Bolzano: 'Yar'uwa, nan ma haka ne. Duk abin da aka rubuta speck a jikinsa alade ne, har cikin miya da dunƙulen burodi suna sa shi, sai an tambaya. A Bormio ku nemi pizzoccheri, taliya ce da kabeji da dankali da cuku da man shanu, babu nama, kuma tana riƙe ciki. Ni dabino da gyaɗa nake cika aljihu da su. Ruwa akwai famfuna a ƙauyuka, in ba a rubuta acqua non potabile ko kein Trinkwasser (wato ba ruwan sha ba ne) ba ana sha. Na alwala kuwa ku shirya wa sanyinsa ko a Agusta.

Baban Khalifa, Munich: Sanyin nan shi ne abin da mutanenmu ke rainawa. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kamar digiri 6. Ka bar Brescia kana zufa, ka isa tafki iska na kaɗa ka, ga rigarka jiƙe, ga gangara na jiranka. Rigar ruwa da dogayen safar hannu ba a barinsu ko gari ya waye tas. A Yuli da Agusta hadari da rana yake haɗuwa, da tsawa, wani lokaci da ƙanƙara. Ku fita bayan sallar asuba, ku yi azahar a bakin ruwa, ku kamo hanyar sauka. Lambar gaggawa 112, ku sa ta a waya, ku kuma gaya wa mai masauki hanyar da za ku bi.

Auwalu, Brescia: Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Mun tsayar da Cancano, zagaye kawai, Val Mora sai katin abokina ya fito. Wane mako ya fi?

Malam Isuhu, Bolzano: Ku kauce wa makon 15 ga Agusta, duk Italiya na hutu, masauki na tsada, hanya cike. Farkon Satumba ya fi, hadari ya ragu, mutane sun koma aiki. Daga Oktoba dusar ƙanƙara na iya sauka kowane lokaci a wannan tsayin. In kun sa rana ku faɗa a nan, in ta faɗo Asabar zan biyo ta Tirano mu hau tare in sha Allahu.

Anti Rabi, Innsbruck: Ku ɗauki tib biyu kowannenku da kayan faci da famfo, saman nan babu mai gyara. Da hular kwano, Auwalu, kai da abokin naka duka.