Akwai kifin bas a madatsun ruwan Katsina? Ina neman shawarar masu fatsa

Ɗan Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina kallon bidiyon Amurkawa a YouTube suna kamun wani kifi da suke kira bas a manyan madatsun ruwansu. Mutum zai tsaya a kan jirgi ya wurga kifin roba, ya riƙa naɗe zare a hankali, sai ka ga wani ƙato mai wawakeken baki ya yo tsalle ya cafke. Su auna shi, su ɗau hoto, su mayar da shi ruwa. Abin ya shiga raina har na sa abokina ya taho mani da sandar fatsa daga Kano, mai keken naɗe zare, da kifayen roba kala-kala.

Shin akwai wannan kifi a Ajiwa ko Zobe ko Jibiya? In babu, me zai hana a kawo irinsa a zuba mana? Ni ba sana'a nake nema ba, ma'aikaci ne, abin yi kawai nake so ranakun Asabar da Lahadi.

Baban Khalifa:

Wato ka sayi kifin roba da kuɗinka, ka ƙona mai zuwa Dutsinma, ka kama na gaske, sannan ka sake shi ka dawo gida hannu rabbana? Allah Ya sa uwargida ba ta karanta wannan zaure.

Malam Na Bakin Zobe:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, bas dai babu shi a ruwanmu. Kifin Arewacin Amurka ne. An kai shi wasu ƙasashen Afirka, irin su Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da tafkin Naivasha na Kenya, amma a nan Katsina kada ka ɓata lokacin nemansa.

Kuma kada girman da kake gani a waya ya ruɗe ka, miƙo shi suke yi dab da kyamara. Wanda ya kafa tarihi a duniya, wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932, kilo 10 ne da ɗan ɗoriya. Sai a 2009 aka samu wanda ya yi kunnen doki da shi a tafkin Biwa na Japan. To a bikin Argungu na 2005 an fito da kifi mai kilo 75, da koma da gora, ba jirgi mai inji ba. Giwan ruwa kuma shi ne kifinmu da ke yin abin da ya burge ka. Mafarauci ne, yana laɓewa a gindin dutse ko kututture, yana bin kifin roba, in ya ji ƙugiya sai ya faso ruwa yana girgiza kai baki buɗe. Turawa har tafkin Nasir na Masar suke zuwa musamman dominsa. In shi kake so babba, ka tara kuɗin mota ka nufi Yauri, ka shiga tafkin Kainji da masuntan can.

Maganar a kawo bas a zuba, ban goyi baya ba ko kaɗan. A shekarun 1950 aka zuba giwan ruwa a tafkin Biktoriya, ya bi ƙananan kifayen wurin ya cinye, nau'o'i masu yawa suka ɓace. Ruwanmu ƙanana ne, kuma gidaje da yawa da karfasar cikinsu suke ci.

Yanzu ga abin da za ka samu kusa da gida. Ni malamin makaranta ne, amma a gidan masunta na tashi. Zobe an kammala ta a 1983 a kan kogin Karaɗuwa, ita ce babba. Ajiwa ta fi kusa da kai, nan Ɓatagarawa, ita ke shayar da birnin Katsina. Abin da zai fi hawa ƙugiyarka a duka biyun tarwaɗa ce da karfasa da ƙurungu.

Kifin robar nan ka ajiye shi tukuna. Da ido ake ganinsa a bi shi, ruwanmu kuwa da damina ja wur yake saboda laka. Tarwaɗa da gashin baki da hanci take neman abinci. Ka ba ta hanjin kaza da ya ɗan kwana, ko tana, ko ƙaramin kwaɗo. Tsofaffinmu har gutsuren sabulu suke sa mata. Lokacinta daga faɗuwar rana ne zuwa dare, da kuma asuba, musamman farkon damina in sabon ruwa ya fara shigowa ta bakin rafuka tana haurowa wurin ciyawa. Da hunturu kuwa kifi lafewa yake yi a ƙasa, sai ka wuni ba a taɓa maka ƙugiya ba.

Ka ɗaura 'yar totuwa a zaren don ta yi maka gadi. Karfasa tsattsaga take yi, totuwar ta riƙa rawa tana nutsewa tana tasowa, sai ka fizga da sauri. Tarwaɗa ba haka take ba. Za ka ga totuwar ta kwanta, ta fara tafiya gefe a hankali, sannan ta nutse gaba ɗaya. Kada ka yi gaggawa, bari zaren ya miƙe tukuna. In babba ce, ƙasa za ta nufa kai tsaye tana neman kututturen da ruwa ya shanye don ta naɗe zaren a jiki. A nan kekenka zai yi maka rana. Ka sassauta shi yadda zai riƙa sakin zare in ta ja da ƙarfi, ka ɗaga bakin sanda sama, ka bar ta ta gaji da kanta. Wanda ya tsaya ja-in-ja da tarwaɗa mai kaurin cinya, zare zai tsinke ya bar shi da salati.

Ƙurungu kuma a yi hankali da shi. Da ka fito da shi zai fara gurnani, ya miƙar da ƙayoyi uku, ɗaya a baya biyu a gefe, su kafe ba su lanƙwasuwa. Ka zura yatsunka ta bayan na gefen ka riƙe shi ta ciki. In ya soke ka a tafin hannu, ranar ko alli ba za ka iya riƙewa ba.

Abu biyu da suka fi duk wannan. Na farko, kada ka sauka daga mota ka wurga ƙugiya kawai. Ka nemi Sarkin Ruwa ka gaishe shi, ka faɗi abin da ya kawo ka. Shi zai haɗa ka da mai jirgi, ya nuna maka inda aka shimfiɗa raga da mamari, wato dogon zare mai ƙugiyoyi da yawa. Ƙugiyarka ta yaga ragar wani, rigima ce. Na biyu, ka tambayi mutanen gari lafiyar hanya kafin ka taso, balle wajen Jibiya da yammacin Dutsinma. Fatsar dare da na ce ta fi, ba ko'ina ake yin ta yanzu ba.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:

Na gode ƙwarai Malam, Allah Ya ƙara sani. To batun sakin kifi bayan an kama fa? Ni abin da ya fi ba ni sha'awa ke nan.

Abu Sumayya:

A nan nake da magana. Kamun kifi halal ne, babu saɓani. Amma ka huda bakin dabba don nishaɗi da hoto kawai, alhali ba ci za ka yi ba, wannan sai an tambayi malamai. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya hana a mayar da abu mai rai abin gwada harbi. Ban ce hukuncinsu ɗaya ba, amma ni zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Ka kama, ka ci, ka ba maƙwabta.

Maman Hanifa, Daura:

Ni bandar kifi nake yi, daga Sabke da Daberam ake kawo mani. Malam Abu, wallahi da za a riƙa sakin wasu da mun ji daɗi. Wani sa'in a kawo maka kwando cike da 'yan karfasa da ba su wuce yatsa biyu ba, da gidan sauro aka tace su. In ka ɗora a wayar banda ƙonewa suke yi, ba riba ba nama. Uwar da ke cike da ƙwai ita ma a kwaso ta. To gobe me za a kama? Ɗana, in ka kama ƙarami ka mayar, in ka kama na ci ka kai wa matarka. Kuma kada ka tsunduma ƙafa a ruwan gefe mai ciyawa, nan ake kwasar tsargiya. Yaran masunta da yawa fitsarin jini suke yi.

Malam Na Bakin Zobe:

Hajiya ta faɗi gaskiya a kan gidan sauro, kuma ni ma ra'ayina ke nan: a saki ƙanana da masu ƙwai, a ci matsakaita. Sai dai sakin ma yana da ƙa'ida. Ka jiƙa hannu kafin ka taɓa kifi don kada ka goge santsin jikinsa, ka matse 'yar ƙayar ƙugiya da filaya tun a gida don ta fita da sauƙi. Wanda ya haɗiye ƙugiya har ciki yana zubar da jini, sakinsa ɓarna ce, a kai shi tukunya. Haka giwan ruwan da aka jawo daga zurfi da sauri, jakar iskar cikinsa kumbura take yi, ko ka sake shi sai ya taso yana yawo ciki sama. Kuma ka sani mai jirgin Yauri ba zai yarda ka saki babba ba sai kun yi ciniki tun a tudu, don jakar iskar nan kaɗai kuɗi ce, busar da ita ake yi a fitar da ita zuwa Sin.

Ka fara da Ajiwa, daga bakin gaɓa. Ka sayi ƙananan ƙugiyoyi na karfasa da manya na tarwaɗa, da dalma 'yar kaɗan ta nutsar da ƙugiya. In za ka hau jirgi ka zo da rigar hana nutsewa taka, masu jirgi ba su ajiye ta.

Baban Khalifa:

To in an sa rana a faɗa mani. Ni zan zo da gawayi da yaji, ku ku ji da ƙa'idar saki.