Taurarin makarantun ƙaramin gari a Ohayo sun rikita ni, a taimaka

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka daɗe a Amurka ku ba ni shawara. Muna Kolumbus ta jihar Ohayo yanzu shekara biyu kenan, to maigidan ya samu aiki a wani ƙaramin gari kamar tafiyar minti arba'in, haya ma ta fi sauƙi sosai, amma da na shiga shafin ma'aikatar ilimi ta jiha na duba sakamakon gundumar makarantunsu sai gabana ya faɗi. Taurari uku suka samu cikin biyar, kuma a lissafi na aji 3 suna ƙasa da matsakaicin jihar, alhali bara suna sama. Gundumar duka firamare ɗaya ce, midil (ta tsakanin firamare da sakandare) ɗaya, sakandare ɗaya. Ina da 'yar aji 3 da kuma yayanta ɗan aji 8 wanda Turancinsa bai gama zama ba. Mu koma ko mu haƙura da inda muke? Wallahi na kasa barci.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki tukuna, taurari uku a Ohayo ma'anarsa sun cika abin da jiha take buƙata, ba faɗuwa ba ce. Da can haruffa ake ba su daga A zuwa F, a 2022 aka koma taurari, shi ya sa har yanzu mutane ke ganin uku kamar ta da ƙyar ce.

Maganar bara sama bana ƙasa kuwa, yi lissafi da kanki. In ajin 3 na gundumar duka yara 40 ne, kowane yaro ɗaya kashi 2.5 ne cikin ɗari. Yara huɗu su tashi da mura ranar jarrabawa, kashi 10 ya tafi, sai ka ga jadawali ya rufta kamar an yi gobara alhali malamar ita ce dai ta bara, littafin shi ne na bara. Gundumar Kolumbus mai yara sama da 40,000 ba ta irin wannan tsalle, jiha kuma da ta haɗa gundumomi sama da 600 ko motsi da ƙyar take yi. Kamar a gida ne ka ji wata makarantar kuɗi tana tallar duk ɗalibanta sun ci WAEC, ka bincika ka tarar su goma sha biyu ne suka zauna. Ki jawo sakamakon shekara uku ko huɗu ki jera su, shekara ɗaya ba ta gaya miki komai.

Ɗan Damagaram:
Ni fa ban yarda a riƙa lallashi ba. Ƙasa da jiha ƙasa da jiha ne. Matsakaicin jihar nan har da manyan birane irin su Kilibland da Sinsinati da unguwannin da talauci ya yi wa katutu aka haɗa aka fitar, to in ƙaramin gari mai zaman lafiya ya kasa kamo wannan, akwai abin tambaya. Kuma 'yar uwa ki bincika maganar kuɗi, don a nan kaso mai yawa na kuɗin makaranta daga harajin gidaje yake fitowa, kuma mutanen gari ne ke kaɗa ƙuri'a in ana son ƙari. Tun 1997 kotun ƙolin jihar ta ce tsarin ya saɓa wa kundin mulki saboda dogaro da harajin nan, amma har yau gundumomi na zuwa roƙon ƙuri'a. In garin tsofaffi ne da 'ya'yansu suka tashi sai su yi ta kayar da shi, abu na farko da ake yankewa kuwa bas ɗin 'yan sakandare, don doka ba ta tilasta a ɗauke su ba. Shekara mai zuwa yaronki aji 9 zai shiga, wato farkon sakandare a nan, wa zai kai shi?

Malama Hauwa:
Maman Ilham sannu da ƙoƙari. Ni mataimakiyar malama ce a nan jihar, bari in ɗan sa baki. Malam Ɗan Damagaram ya yi gaskiya a kan bas, wannan ki tambaya tun kafin ku sa hannu a takardar haya. Amma wajen kwatanta da jiha ina tare da Baban Khalifa.

Sakamakon nan kashi-kashi ne. Akwai wanda ke auna yara nawa suka kai matakin da ake so a jarrabawar jiha, wannan yawanci arzikin iyaye yake bi, duk inda likitoci da injiniyoyi suka taru za ki gan shi sama ko malaman ba su yi wani abin kirki ba. Akwai kuma wanda ke auna ci gaban yaro, wato daga inda ya tsaya bara zuwa inda ya kai bana, shi ne ke nuna aikin malamai. Ni in za a ba ni zaɓi, gundumar da ke da taurari biyu a na farko da huɗu a na biyu ta fi min wadda ta juya.

Abin da ya fi damuna ɗan aji 8 ɗin ne. Shafin nan ba zai nuna miki komai game da irinsa ba, saboda in yaran rukuni ba su kai goma ba ɓoye alƙaluman ake yi don kada a gane su, kuma a ƙaramin gari masu koyon Turanci ba lallai su kai hakan ba. Doka ta wajabta a taimaka masa ko shi kaɗai ne, amma taimako suna ya tara, wani wuri malami ne na dindindin wani wuri kuma mutum ɗaya ne ke zagaya makarantu da yawa ya leƙo sau ɗaya ko biyu a sati. Ki kira ofishinsu ki ce wa ke koyar da masu koyon Turanci, awa nawa a sati. Kuma ki nemi a kai ki ki ga ajin da idonki.

Ita ƙaramar ki duba taurarin karatun ƙananan aji, don aji 3 ne ake matsa wa kan iya karatu a Ohayo. Af, na manta, ko sakandaren ba ta da darussa masu zurfi akwai shirin College Credit Plus, daga aji 7 zuwa 12 yaro zai iya ɗaukar kwas na kwaleji kyauta in ya cancanta, sai dai in ya faɗi ana iya cewa ku biya.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri duka. Na koma na duba, a ci gaban yaro huɗu suke da shi, kuma ajin 3 ɗin ashe ma bai kai yawan da Baban Khalifa ya yi misali da shi ba. Na kira ofishin, matar ta ce bas yana nan har sakandare a bana, amma malamar Turancin da wata gunduma suke raba ta, Talata da Alhamis take zuwa. Malama Hauwa kwana biyu a sati zai ishe shi kuwa? A inda muke kullum ake zama da shi. Ran Alhamis dai za mu je ni da babansu mu gan ta.