Aikin manhajarmu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ƙarin ma'aikata zai fitar da mu?

Ɗan Kwamfuta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina cikin masu rubuta wa wani kamfani manhajar lissafin kaya. Wa'adi ya wuce tuni, kuɗin da aka ware sun kusa ƙarewa, kuma duk zaman da muka yi sai a ce aiki ya kai kashi 90. Sauran goman nan ta ƙi motsi. Mai aikin yakan kira manajanmu ya ce a ƙara masa abu kaza, manaja ya ce ba matsala, bai ko tambaye mu ba. Na baya-bayan nan, wai kowane reshe ya samu nasa rangwamen. A baki ƙaramin abu ne, amma sai da muka taɓa rumbun bayanai da rasit da rahoton ƙarshen wata, gwajin da muka gama kuma ya koma sabo. Yanzu an ce za a ɗauko ƙarin mutane. Abin yana damuna ƙwarai.

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba zai fitar da ku ba. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin babbar manhajar OS/360 a kamfanin kwamfuta na IBM, ya faɗi wannan tun 1975: aikin manhajar da ya makara, ƙara masa mutane ƙara masa latti yake yi. Duba lissafin da kanka. Mutum 5 hanyoyin magana 10 ne tsakaninsu, mutum 10 kuwa 45. Sannan wa zai koya wa sababbin aikin? Ku ɗin nan da ba ku da lokaci.

Uwar Tsari:
Malam, ni manaja ce, kuma "ba matsala" ɗin nan ita ce ciwonku. Mai aiki yana da haƙƙin canza ra'ayi. Aikin manaja ne ya ce masa: to, wannan zai ci kwana kaza da kuɗi kaza, wanne za mu cire ko mu ɗage? A rubuta, ya sa hannu. Yawancinsu da sun ga farashi a takarda sai su ce a bari tukuna. Rashin wannan ya kayar da waɗanda suka fi ku ƙarfi. Hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta yi watsi da manhajarta ta adana bayanan bincike, Virtual Case File, a 2005 bayan ta cinye kimanin dala miliyan 170, ana ta sauya buƙatu, shugabannin aikin ma ana ta sauya su.

Mai Gwaji:
Yaya, na yarda, amma kar a ɗora wa manaja shi kaɗai. Wa ya ba shi kashi 90 ɗin? Mu ne. Mutum ya rubuta abu, bai haɗa shi da na abokinsa ba, bai gwada ba, ya ce ya gama. Shafin rajistar inshorar lafiya na gwamnatin Amurka, Healthcare.gov, ma sai a makonnin ƙarshe aka gwada sassansa a haɗe, ranar 1 ga Oktoba 2013 aka buɗe shi, mutane suka kasa rajista. Ku daina cewa aiki ya kai kashi kaza. Ku nuna abin da ke aiki a allo duk bayan mako biyu.

Ɗan Kwamfuta:
Na gode ƙwarai. Hajiya, in ba damuwa, me da me kuke sawa a takardar neman canjin? Ina so in kai wa manajanmu kafin a soma tallar guraben.